Shagon gyaran kwamfuta na kusa da kasuwar Wadata da matsalar wifin gidana

Kusan wata biyu kwamfutata ta tafi-da-gidanka tana yi mini abin da na kasa gane kansa. Yau ta kama wifin gida ba gardama, gobe kuma sunan wifin ya ɓace daga jerin da take nunawa, alhali wayata da ta uwargida suna kan intanet lafiya lau, ita kanta kuma tana ganin wifin maƙwabta har guda huɗu. Aikina fassarar takardu ne, kuma daga gida nake yin sa a unguwar Banifandu a nan Yamai, saboda haka duk ranar da ta ƙi kamawa sai dai in jona ta da wayata, kuɗin forfe, wato na intanet ɗin waya, ya yi ta zurarewa.

Wurare biyu na fara kai ta. Na farko ya ce a goge komai a sake zuba Windows, na biyu ya ce katin wifin ya mutu, in sayi ɗan kile da ake sokawa a gefe. Babu wanda ya yi mini tambaya ko ɗaya a cikinsu, kuma wannan ne ya hana ni amincewa.

Shago na uku ƙarami ne, kusa da kasuwar Wadata, ko wurin zama babu sai benci ɗaya da aka jibge da tsofaffin caja. Matashin da ke wurin ya kunna kwamfutar, nan take ta kama wifin shagon. Sai ya dubi madannan, ya ga jerin haruffan da QWERTY ya fara, ba AZERTY da muka saba gani a nan ba, ya tambaye ni inda na saye ta, na ce ta hannu ce, daga Amurka aka kawo ta. Ya sake tambaya ko abin yakan faru ne bayan an ɗauke wuta an maido. Da na yi tunani sai na ga lalle haka ne. Ya ce, "Malam, wannan lafiyarta ƙalau, ku bari in zo in duba boks ɗinku na gida." Boks ita ce na'urar da ke raba wifi a cikin gida.

Da ya zo, ya rubuta 192.168.1.1 a wayata, ya shiga shafin saitin boks ɗin, ya ɗora yatsa kan lamba 13. Bayanin da ya yi shi ne, wifi mai aiki a kan 2.4 GHz yana da tashoshi 13 a Turai da galibin ƙasashe, amma a Amurka daga 1 zuwa 11 ake amfani da su, don haka da yawa daga katunan da aka ƙera domin kasuwar can ba sa ganin 12 da 13. Boks ɗina kuwa an bar shi yana zaɓar wa kansa tasha duk lokacin da ya tashi, kuma kowa ya san sau nawa ake ɗauke wuta a watannin Afrilu da Mayu. In ya sauka kan 6 ko 11 kwamfutar ta gan shi, in ya sauka kan 13 kamar babu shi. Tsohon katin nata kuma bai san ɗaya zangon da wifi ke aiki a kai ba, wato 5 GHz, balle ta samu mafita ta can.

Ya duba da wata manhaja ya ga maƙwabta sun cunkushe a kan 1 da 11, sai ya kafe boks ɗin a kan 6, domin waɗannan ukun ne ba sa shiga cikin juna. Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya nan ba: sau uku yana zare wayar wutar boks ɗin yana mayarwa, yana jira har kwamfutar ta kama, kafin ya yarda aiki ya yi. Ya kuma fito da boks ɗin daga bayan talabijin, inda bangon siminti da ƙofar ƙarfe ke tare shi, ya ɗora shi kan kabad a falo.

Akwai inda ya gaza. Ya yi alkawarin zuwa bayan la'asar, bai iso ba sai bayan magariba, kuma bai kira ya sanar ba. Ba ya ba da rasit, bayaninsa kuma cike yake da kalmomin Faransanci na sana'a, wanda dattijon da bai yi lakwal ba zai sha wuya kafin ya bi shi. Kalmar sirrin shafin boks ɗin ma, wadda tun daga kamfani ba a taɓa canza ta ba, sai da na tambaya sannan ya canza, alhali shi ya kamata ya fara ja mini kunne a kanta.

Jika 3 ya karɓa, har da kuɗin man babur ɗinsa, bai kuma sayar mini da komai ba. Yau mako uku ke nan, an ɗauke wuta ba adadi, kuma duk lokacin da ta dawo kwamfutar tana kamawa kafin in gama gyara zama.