Ɗaurin ƙafar baya ya yi kyau, sakacin ƙarshe ne ya ɓata min rai

Ƙafar bayan keken tserena irin marar nauyin nan ce mai sifok 24, sirara, waɗanda kaurin tsakiyarsu milimita 1.5 ne kacal. A miƙaƙƙiyar hanya ba ta da laifi. Amma da na miƙe tsaye kan feda a hawan tudun Jos, sai ta dinga lanƙwasa gefe da gefe tana goga robar birki, ƙarfina yana tafiya a banza.

Na kai wa wani dattijo mai gyaran keke da 'yan ƙungiyarmu suke yabo, na ce, "Baba, a ɗan ƙara ɗaure min sifok ɗin nan." Ya matsa su bibbiyu da hannu, ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, ɗauri ya kai. In na ƙara, rim ɗin ne zai tsage a bakin ramuka, kuma lanƙwasar tana nan. Waya ce ta yi siriri."

Wallahi wannan maganar ce ta sa na yarda da shi, don wani zai karɓi kuɗi ne kawai ya murɗa. Muddin sifok bai saki ba, ƙara masa ɗauri ba ya ƙara wa ƙafa tauri. Kaurin wayar da yawanta da faɗin zamanta a jikin hob, wato cibiyar ƙafar, su ne abin dubawa. Ƙafar baya kuwa dama a takure take, saboda giyoyi sun cinye wuri a dama. Sifok ɗin dama suna tsaye ƙyam da ɗauri mai ƙarfi, na hagu kuma ɗaurinsu bai cika wuce rabin na dama da yawa ba, shi ya sa su ne ke fara saki.

Na yi odar sifok samfurin Sapim Race, masu milimita 2.0 a baki biyu da 1.8 a tsakiya, da 'yan notocin tagulla maimakon na alminiyam. Daga 1.5 zuwa 1.8 kamar ba komai, amma naman ƙarfen ya ƙaru da wajen kashi 44 cikin ɗari. Nauyin da ya ƙaru duka-duka kusan giram 50 ne, ban ko ji shi ba. Baba ya kwance ƙafar kaf, ya sake saƙa ta a kan rim da hob ɗinta na da. Fitar farko na taka da ƙarfi a tudu, shiru, ba guga ko kaɗan. Keken yana amsawa nan take. A wajen shan kwana ma ƙafar ta tsaya daram. Na ji daɗi ƙwarai, har na fara tura masa mutane.

To amma fa akwai abin da har yanzu yake ci min rai. Tun daga bakin shagon nake jin ƙas-ƙas daga sifok, alamar ba a matse su sun zauna ba bayan ɗauri, wasu ma a murɗe aka bar su. Kafin mako ya zagayo ƙafar ta ɗan karkace. Wannan da sauƙi. Wanda ya fi zafi shi ne tef ɗin cikin rim, tsohon aka mayar a karkace, ramin sifok ɗaya a buɗe. Tiyub ya fashe min ina gangarowa da gudu, Allah ne ya tsare. Da na koma sai ya ce yaron shago ne ya haɗa tayar. Haba Baba! Mutumin da ya san abin da ya sani a kan sifok, ya bar ran mutum a hannun yaro ba tare da ya duba ba?

Ya gyara karkatar bai karɓi ko kwabo ba, ya sa sabon tef, kuma tun daga nan ƙafar ba ta sake karkacewa ba. Ƙafar gaba ma shi zan kai wa, amma tef da taya ni zan haɗa da hannuna a gida.