Inshorar Lafiya: Ta Tarayya, Ta Jiha Ko Ta Kamfani?

Tun da aka sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a watan Mayun 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar NHIS, shiga inshorar lafiya ya zama wajibi a Najeriya. Ƙofar da za ka bi dai tana hannunka.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya ba ya buƙatar dogon tunani, tsarinsa na tafiya da aikinsa. Abin da ake yawan mantawa shi ne katin ya ƙunshi mai gida, mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. To, mai mata biyu da 'ya'ya tara fa? Dole ya biya ƙari a saka sauran, in ba haka ba ranar da amarya za ta haihu zai ga an miƙo masa takardar kuɗi. Wannan ya fi damuna, domin gidajenmu ba ƙanana ba ne. Ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu kuwa an tanadar musu GIFSHIP, tsarin tarayya da mutum zai shiga shi kaɗai, ko da iyalinsa, ko a ƙungiya, ana biya shekara-shekara. A tsarin tarayya za ka riƙa biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani.

Ta jiha, irin KSCHMA ta Kano da KADCHMA ta Kaduna, wadda ake kira taimakekeniya, yawanci ta fi sauƙin kuɗi kuma ta fi kusa da gida. Sai dai asibitocinta na cikin jihar ne. Direban da rabin rayuwarsa ke kan hanyar Legas ya yi wannan lissafin. Wanda ba shi da hali kuma, kafin ya ciri ko kwabo, ya je asibitin mazaɓarsa ya tambayi rajistar BHCPF, asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa. Ana ba masu ciki, ƙananan yara da tsofaffi fifiko.

Kamfanoni irin Hygeia, AXA Mansard da Reliance sun fi tsada, amma suna buɗe maka asibitocin kuɗi, layi kaɗan. Karanta takardarsu da kyau. Akwai iyakar abin da za su kashe maka a shekara, kuma haihuwa da tsofaffin cututtuka irin hawan jini da ciwon suga sukan zo da lokacin jira kafin katin ya fara ɗaukar nauyinsu.

Ni a ganina, fara zaɓen asibiti kafin ka zaɓi kati. Ka je da ƙafarka, ka zauna a benci, ka tambayi masu riƙe da katin: ana samun magani a nan, ko kullum sai a rubuta musu su tafi kemis? In za a tura mutum babban asibiti, awa nawa ake jiran lambar izini daga masu inshorar? Sannan ka sa jami'in rajista ya nuna maka a rubuce matsayin tiyatar haihuwa da wankin ƙoda, tukuna ka biya.