Little Moreton Hall: gidan katakon da ya karkace amma bai faɗi ba

Wanda duk ke sha'awar ginin katako, ziyarar Little Moreton Hall ta cancanci kuɗin shiga. Gidan yana kusa da garin Congleton a yankin Cheshire na Ingila, gwalalo mai ruwa ya kewaye shi, kuma National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi, ke kula da shi tun 1938. Wani attajirin mai filaye, William Moreton, ya fara ginin wajen 1504, 'ya'ya da jikoki suka yi ta ƙari har zuwa wajen 1610.

Na bi zagayen da ɗan jagora ke yi, kuma shawarata kowa ya bi shi, don gidan kusan fayau yake. Kayan ɗaki na asali uku kacal suka rage. Ginin kansa ne abin kallo. Ginshiƙan na itacen oak ne, an fafe rami a wannan, an fiƙe harshe a wancan, an haɗa su an buga turakun katako. Tun asali tsakaninsu saƙar sanduna ce da aka yaɓe da laka. A tsakar gida, a ɗaga kai a dubi manyan tagogin 1559, inda kafinta Richard Dale ya sassaƙa sunansa. Ƙananan gilasan da dalma ta riƙe a gidan sun kai 30,000.

Inda na fi daɗewa shi ne dogon zauren bene na sama, mai tsawon mita 21. An ɗora shi ne a kan katakon silin na ƙasa, babu ginshiƙan da za su sauke nauyinsa kai tsaye zuwa harsashi, sannan aka rufe shi da faifan dutse mai nauyin kusan tan 32. Nauyin ya yi ta tura bangaye waje, daɓen ya lanƙwashe, ƙafa ma tana jin gangararsa. A ƙarshen ƙarni na 19 aka ɗaure bangayen da sandunan ƙarfe, daga baya kuma aka saka wani tallafin ƙarfe a ɓoye. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a yi yunƙurin miƙe gidan ba. An dai hana shi ƙara motsi, domin tilasta tsohon katako ya koma daidai karya mahaɗansa yake yi.

Gidan yana mataki na ɗaya a jerin gine-ginen da doka ta kare, don haka ba a sauya komai a jikinsa sai da izini. A irin wannan gini, ɓangaren da ya ruɓe kawai ake yankewa a ɗora sabon oak, a yi yaɓe da farar ƙasa. Siminti riƙe danshi yake yi har katako ya ruɓe ta ciki, kamar yadda yake cinye katangar ƙasa idan aka shafe ta da shi.

Kada a wuce ƙaramin falo ba a tsaya ba. A 1976 aka gano zanen bango na wajen 1580 a bayan allunan katako.

Matakalar sama ƙunci gare ta kuma murɗaɗɗiya ce, mai ciwon gwiwa zai sha wuya. A sa takalmi marar tsini, a ware awa biyu, a kuma duba ranakun buɗewa kafin a kama hanya, musamman lokacin sanyi.