Wani Gidan Abincin Lebanawa a Dearborn: A Nan Mai Saye Ne Ke Yin Gyara

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya a gida, ka tambaye ni yadda muke yi da cin abinci a waje a ƙasar nan ta Amurka, musamman batun halal da kuma tsada. Na ga ya fi kyau in ba ka labarin wuri guda da na sani sosai, wato wani ɗan ƙaramin gidan abinci na wasu Lebanawa a garin Dearborn, inda nake zuwa kusan kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Dearborn tana manne da birnin Ditiroyit a jihar Mishigan, kuma a nan hedikwatar kamfanin motoci na Ford take. Aikin masana'antar motoci ne ya fara jawo Larabawa garin, sannan yaƙin basasar Lebanon na 1975 zuwa 1990 ya koro wasu da yawa, akasarinsu daga kudancin ƙasar. A ƙidayar 2020 mutanen garin sun kai kusan 110,000, fiye da rabinsu kuma asalinsu daga Gabas ta Tsakiya ne ko Arewacin Afirka. Magajin garin ma, Abdullah Hammoud, wanda aka zaɓa a 2021, jinin Lebanon ne. In ka bi titin Warren, allunan shaguna da rubutun Larabci za ka yi ta gani, har na tuna da Kantin Kwari na Kano da titin Beirut, domin jinsi ɗaya ne da waɗanda kakanninmu suka yi cinikin gyaɗa da atamfa da su.

Gidan abincin bai wuce tebur 10 ba. Maigidan ne a bakin wuta yana juya tsire a kan gawayi, uwargida tana ciki wajen tukwane, 'yarsu tana ɗaukar odar baƙi, ƙaninta kuma yana kwashe faranti idan ya dawo daga makaranta. Takardar jerin abincin kashi biyu ce: ɓangare ɗaya na Lebanon, ɗayan na Amurka, wato baga (nama a tsakiyar burodi) da cuku, da soyayyen dankalin Turawa, da wainar ƙwai, da fanke irin nasu mai faɗi da ake zuba wa ruwan zaƙi. Da farko na ɗauka rashin tsayawa kan abu ɗaya ne, sai daga baya na lura cewa iyaye ne ke cin na Lebanon, 'ya'yansu da aka haifa a nan kuma su nemi baga, a tebur guda. Duka naman halal ne, an rubuta a jikin ƙofa, saboda haka babu zullumin da muke yi a sauran garuruwa, inda sai mutum ya yi ta tambaya ko ya haƙura da kifi.

Kafin ka ce komai za a ajiye maka kwandon burodinsu da zafinsa, ya kumbura kamar an hura masa iska, in ka yaga shi tururi ya fito. Wannan burodi ɗan'uwan gurasa ne, sai dai ya fi ta Jakara sirantaka kuma cikinsa fanko ne. Da shi ake dangwalar humus, wanda ake yi da wani wake mai kama da gurjiya, a dafa shi luguf, a niƙa da riɗi da tafarnuwa da lemon tsami, a kwarara man zaitun a tsakiya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne darajar riɗi a wurinsu. Mu da muke noma shi a Jigawa muna loda wa manyan motoci a Maigatari, kantu da miyar riɗi muka fi saninsa da su, su kuwa niƙa shi suke yi ya zama kamar tunkuza mai ruwa, su sa shi a kusan komai. Akwai kuma kibbe, wato niƙaƙƙen nama da fasasshiyar alkama da ake dunƙulawa a soya, da tabbule, wanda kusan duk yankakken ganye ne da tumatir da na'a-na'a, kamar kwaɗon da aka manta ba a sa masa ƙuli-ƙuli ba.

A shawarma ne muka fi rabuwa. Wadda ake sayarwa a Kano cike take da kabeji da mayonis da barkono, tasu kuwa nama ne kawai da kirim ɗin tafarnuwa mai ƙarfi da suke kira tum, da kokwamba mai tsami, an naɗe siriri. Sai da na ci sau uku kafin harshena ya yarda cewa wannan ita ce ta asali. Amma a tsire ban sallama musu ba. Namansu yana da laushi, an jiƙa shi da lemon tsami da madara mai kauri, sai dai babu ƙuli, babu yaji, kuma duk wanda ya saba da balangun bakin titi da daddare zai ji kamar an yi masa rowar wani abu. Yanzu da ƙullin yajina nake zuwa a aljihu. Ranar da maigidan ya gan ni ina barbaɗawa, ya nemi ya ɗanɗana, ya yi tari har da hawaye, ya ce in kawo masa nasa in an aiko mini.

Wajen hidima, akwai abubuwan da dole in yaba. Ruwan sha kyauta ne, ba a sayar maka da na leda ko na gora sai ka nema, ko da yake cike yake da ƙanƙara ko da a watan Janairu ne ana zuba dusar ƙanƙara a waje. Lemon kwalba da ake zubowa a kofi, in ya ƙare a ƙara maka ba tare da sabon kuɗi ba. Abin da aka rubuta a takarda shi za a kawo, ba a ce maka "ya ƙare, sai dai shinkafa" ba. Faranti ɗaya yana ƙosar da mutum biyu, abin da ya rage kuma a ba ka kwali ka tafi da shi gida, babu kunya a ciki, har masu kuɗi haka suke yi. Yarinyar takan tambayi baƙo ko akwai abincin da jikinsa ba ya so, domin tun daga 2023 dokar Amurka ta sa riɗi cikin abubuwa 9 da dole a bayyana su a jikin abincin da ake sayarwa a ƙunshe, tare da gyaɗa da madara da ƙwai. Abin da na rasa shi ne ruwan wanke hannu da ake kawo wa mutum a tebur a gida. A nan sai ka tashi ka je bayi da kanka.

Inda na sha kunya shi ne wajen biya. A gida in ka sayi tsire ko tuwo, mai sayarwa ne ke yi maka gyara, ya ƙara maka yanka ɗaya ko ludayin miya. A nan mai saye ne ke yin gyara. Farashin da ka gani a takarda ba shi za ka biya ba: ana ɗora harajin jihar Mishigan na kashi 6 cikin 100, sannan ana sa ran ka bar wa mai hidima tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Abincin dala 40 sai ya tashi kusan dala 50. Zuwana na farko na biya daidai abin da ke rasit na tashi, yarinyar ta yi mini godiya da fara'arta. Sai a mota abokina ɗan Nijar ya tambaye ni nawa na bari, na ce me zan bari. Ya bayyana mini cewa doka ta yarda a biya masu wannan aiki ƙasa da mafi ƙarancin albashi, bisa lissafin cewa tukuici zai cike giɓin, kuma a matakin tarayya dala 2 da santi 13 ne a awa tun 1991, ko da yake Mishigan ta fi haka biya. Ashe haƙƙinta na tafi da shi. Juma'ar da ta zagayo na ninka mata, na kuma ba ta haƙuri.

Tun daga ranar uwargidan ta gane ni. Da ta ji daga Kano nake, ta ce wani kawunta ya yi shekaru yana sayar da yadi a can, har ta iya cewa "sannu" da "lafiya lau". Yanzu in na gama cin abinci takan aiko mini da shayi mai na'a-na'a da ɗan yankan baƙalawa, kuma ba ya fitowa a rasit. Yaya, in Hajiya za ta ba da saƙo ta hannun mai zuwa, a ƙara mini yajin ƙuli ƙulli biyu, ɗaya nawa, ɗaya na maigidan.