Shagon littattafan da ke lungun tsohuwar jami'a

Duk wanda bincikensa ya faɗa tsakanin falsafa da siyasa da tattalin arziki ya san wahalar neman littafi a Kano. Na Larabci sai Kurmi, na boko sai Sabon Gari, kuɗin adaidaita kuwa a aljihunka. Shi ya sa nake yabon wani ɗan shago da ke kusa da tsohon mazaunin Jami'ar Bayero. Ɗaki ɗaya ne, fanka ɗaya, sai benci da tabarmar sallar mai shagon, wani dattijo da kowa ke kira Baba.

Ni kan haraji nake rubutu, wato yaushe karɓarsa ke zama adalci, yaushe yake komawa zalunci. Da na faɗa masa, bai tambaye ni sashen da nake ba. Ya hau kujera ya sauko da Muƙaddimar Ibn Khaldun, ya buɗe inda malamin ke bayanin cewa daula a farkonta haraji kaɗan take ɗorawa ta tara da yawa, idan ta tsufa sai ta tsawwala, 'yan kasuwa su karaya, baitulmali ya rame. Ya ɗora mini nasihar da Al-Maghili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa, da Liya'ul Hukkam na Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda a nan Kano aka wallafa shi. Sannan ya jawo littafin Adam Smith na 1776 kan arzikin ƙasashe, ya ce, "Ɗana, wannan ma malamin falsafar ɗabi'a ne a Glasgow kafin a mai da shi uban 'yan kasuwa." Wallahi ban taɓa jin mai sayar da littafi ya yi irin wannan magana ba.

A kantar ƙasa akwai rubuce-rubucen masanin tarihi Yusufu Bala Usman da masanin siyasa Claude Ake, da tsofaffin ƙasidu kan SAP, shirin gyaran tattalin arzikin Najeriya na 1986, wasu da rubutun biro na masu su na farko a gefe.

Amma fa akwai gyara. Littattafan boko da dama hoto ne aka ɗauka aka ɗinke, tawada ta dushe. Na sayi ɗaya, a gida na tarar shafuka sun maimaitu, wasu babu. Ya canja mini ba musu, amma ka duba kafin ka biya. Sabon bincike kuma ba shi da shi. In kana neman abin da aka rubuta kan cire tallafin man fetur na 2023, ka koma intanet ko ka leƙa Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya da ke Gwammaja. Ƙurar hunturu ma ta yi wa kantar sama zaman dirshan.

Ba ya son ciniki mai tsawo, kuma ba ya karɓar tiransifa. Ka je da tsabar kuɗi, bayan la'asar, lokacin da ɗalibai suka ragu yake da sukunin hira.