Madubin USB na duba tsoffin kwabbai: yana aiki, amma kashe fitilarsa tukuna

Wata uku kenan da na sayi ɗan madubin nan mai ƙara girman abu, wanda ake jonawa da kwamfuta, saboda tarkacen da nake tonowa da na'urar gano ƙarfe a gonakin Norfolk da ke Ingila, da izinin mai gona dai, kar wani ya je ya ja wa kansa.

Abin da ya sa na saya, wani ɗan guntun azurfa ne da bai kai farcen ƙaramin yatsana ba, na ɗauka garma ce ta karya shi har na kusa wurgarwa, ashe yanka shi aka yi da gangan. A Ingila ta da, in ana son canji sai a raba kwabon azurfa biyu, rabi ya zama ɗari a lissafin kakanninmu, ko a raba huɗu, kuma gicciyen da ke bayansa shi ake bi a yanka. Sai a 1279 zamanin Sarki Edward I aka fara buga ƙananan a zagaye sosai.

Ranar farko wallahi haushi ya ba ni. Fitilun da ke bakinsa haske suke watsawa kai tsaye, azurfar ta yi fari fat ba ka ganin komai. Da na kashe su na haska tocilan waya ta gefe, sai ga haruffa sun taso da inuwarsu, CANT ɓaro-ɓaro, wato a garin Canterbury aka buga shi, gicciyen kuma gajere bai kai baki ba, kenan tsakanin 1180 da 1247 ne, don dogon gicciye daga 1247 ya fara, wai don a hana masu yankar gefen kuɗi. Sarkin ne dai ban iya rantsewa, tunda HENRICVS, wato sunan Sarki Henry, suka ci gaba da rubutawa har zamanin sarakuna Richard da John, sai an bi siffar fuska da gashi, ni kuwa rabin kai kawai nake da shi.

Wajen maɓallan riga bai burge ni ba, sun masa faɗi, gefe-gefe kake gani kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Inda ya yi rana shi ne rubutun baya kusa da kunnen maɓallin, ɗaya na karanto TREBLE GILT, ruwan zinare kenan. Masu santsi ruwan toka irin na shekarun 1700 ido ma ya ishe su.

Ƙafarsa kuwa roba ce, kana taɓa tebur hoto ya gudu, yanzu da salatif na ɗaure ta. Kuma don Allah kar ku goge kwabo da komai kafin dubawa, ruwa da tsinken sakace sun isa, na ɓata guda ɗaya da buroshi har yau ina jin ciwonsa. Tauraro huɗu cikin biyar na ba shi, ɗayan ƙafar ce ta cinye.