Jitar da za ta jure hunturun Yamai: kafin ka sayi ta koyon jaz fuziyon

Wani ƙanena da ke zuwa koyon kiɗa a CFPM Taya, cibiyar koyar da kiɗa ta Yamai, ya ji faifan Bitches Brew na Miles Davis, wanda ya fito a 1970 da John McLaughlin a kan jita, daga nan ya bi ya hana ni sakat. Yana son jitar lantarki da zai koyi gaurayen jaz da rok ɗin nan da ake kira fuziyon, inda makaɗi ke ƙirƙirar sautinsa nan take. "Yaya, wacce zan saya?" Ga abin da na faɗa masa.

Wadda ido ke fara faɗawa kanta ita ce mai rami a ciki, samfurin ES-335 da Gibson ta fitar a 1958, irin ta makaɗin jaz Larry Carlton. Epiphone da Ibanez suna yin masu sauƙin kuɗi. Muryarta mai kauri ce, mai taushi, ta dace da wanda ke son bin sauyin sautuka a natse. Sai dai katakonta siriri ne, manne da gam. Ka goya ta a babur cikin zafin Afrilu, ka ajiye ta a ɗakin kwano, ba ta yafe maka. In ka ƙure amfuli, na'urar ƙara sauti, kuma sai ta yi ta kuwwa.

Ta biyu ita ce Stratocaster ta Fender, tun 1954, ko ƙanwarta Squier. Kunnenmu ya saba da ita, don da irinta Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ke kiɗa, da hagu ma. Katako ne curi guda, wuyan kuma da kusoshi aka ɗaure shi, in ya lalace a canja. Matsalarta mikro ɗinta, wato abin da ke ɗaukar sautin wayoyin jitar, mai naɗi ɗaya ne: yana kwaso ƙugin wuta. A gidajen da ba a ja wayar ƙasa ba, kana ƙara kaushin sauti za ka ji "zzzz" kamar zuma ta shiga amfuli. Ga mai son jan sauti ɗaya ya daɗe yana kuka, irin salon makaɗin fuziyon Allan Holdsworth, wannan abin takaici ne.

Shi ya sa na ce ya nemi ta tsakiya: jiki curi, da mikro mai naɗi biyu ta wajen gindi wanda ke kashe ƙugin, da masu naɗi ɗaya guda biyu. Yamaha Pacifica 112 haka take. Da ita zai yi kiɗan biki da rana, da dare ya koma kan fuziyon ɗinsa.

In ta hannu ce, kada suna ya ruɗe ka, jabu sun yi yawa. Shafa yatsa a gefen wuyan: iskar hunturu na sa katako ya tsuke, bakin ƙarafunan da ke raba wuyan gida-gida ya fito yana yanka. Danne wayar jitar a gida na farko da na ƙarshe, ka duba tsakiya; ratar da ke tsakanin wayar da ƙarfen kada ta wuce kaurin katin waya. Murɗa kowane maɓalli, in yana ƙaraf-ƙaraf ƙura ce, sai ka nemi ragi.

Kuma ka ware kuɗin amfuli. Ni ƙaramin Roland Micro Cube na ba shi shawara, don yana aiki da batir, in an ɗauke wuta ya fito tsakar gida ya ci gaba. Wayoyi kuwa ya sayi fakiti biyu tun yanzu, siririyar ita ce ke fara tsinkewa.